Waiwaye: Daga Ina Dodon Tafkin Loch Ness Ya Fito?

A arewacin Sikotland, kudu maso yamma da garin Inverness, akwai wani tafki dogo siriri da ake kira Loch Ness. Tsawonsa ya kai kilomita 37, faɗinsa bai cika kilomita uku ba ko a inda ya fi buɗewa, zurfinsa kuwa ya kai mita 230. Ruwan da ke cikinsa ya fi na dukkan tafkunan Ingila da Wales in an haɗa su. Ruwa ne mai sanyi rani da damina, ga shi baƙi wuluk kamar shayin da ya daɗe a kan wuta, saboda ruɓaɓɓen ciyayin da ƙoramu ke wankowa daga tsaunuka. Mai nutso in ya yi ƙasa kaɗan ba ya ganin tafin hannunsa. Duk wanda ya tsaya bakin irin wannan ruwa da almuru, ba sai an ce masa akwai wani abu a ciki ba, zuciyarsa za ta raya masa.

A nan ne aka ce dodon da Turawa ke yi wa laƙabi da Nessie yake zaune. Masu sayar da tsarabar yawon buɗe ido za su gaya maka labarinsa ya haura shekara dubu da ɗari huɗu. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, amma in aka bi sawunta za a tarar dodon da duniya ta sani, mai dogon wuya da ɗan ƙaramin kai da tozo, bai cika shekara ɗari da haihuwa ba.

Tsohon labarin da ake kafa hujja da shi yana cikin tarihin wani malamin Kirista ɗan ƙasar Ayalan mai suna Columba, wanda wani magajinsa, Adomnán, ya rubuta kusan shekara ɗari bayan rasuwarsa. An ce wajajen shekarar 565 Columba ya iske mutanen yankin suna binne wani da dabbar ruwa ta kashe. Sai ya umarci wani almajirinsa ya faɗa ruwa ya ƙetare. Dabbar ta taso baki buɗe, Columba ya ɗaga hannu ya daka mata tsawa cewa kada ta taɓa mutumin, ta koma. Ta kuwa juya a guje, mutanen wurin suka sallama wa addininsa. Abin lura shi ne a Kogin Ness aka ce abin ya faru, wato kogin da ke fita daga tafkin, kuma littafin cike yake da karamomi iri-iri da aka jera don nuna girman malamin. Bahaushe ba zai yi baƙunta da salon ba: baƙo ya zo gari, ya tarar da wata halitta ta tare wa mutane ruwa, ya yi maganinta, ya samu karɓuwa. Haka muke ba da labarin Bayajidda da macijin rijiyar Kusugu a Daura.

Ban da wannan, mutanen tsaunukan Sikotland suna da tatsuniyoyin dokin ruwa, wanda ke fitowa gaɓa a siffar doki mai kyau, yaro ya hau ya manne, ya nutse da shi. Kusan kowane tafki a ƙasar yana da nasa. Aikinsa ɗaya ne da na dodon ruwan da iyayenmu mata ke tsorata mu da shi don kada mu je wanka kududdufi. Babu dogon wuya a cikinsa, kuma ba Loch Ness kaɗai ya mallake shi ba.

Tafkin kuma ba wani lungu ba ne da babu mai zuwa. Tun 1822 aka buɗe mashigin jiragen ruwa na Caledonian, wanda ya ratsa ta cikinsa, jirage masu hayaƙi suka riƙa kai da kawo da fasinja da 'yan yawon shaƙatawa. Sarauniya Victoria da kanta ta bi ta kansa a 1873. Duk tsawon wannan ƙarni ba a yi wata hayaniyar dodo ba. Rahotannin da ake dangantawa da lokacin, yawancinsu bayan 1933 aka tuno da su.

Shekarar 1933 ita ce mafarin komai. A lokacin ake kammala gyaran babbar hanyar mota da ta bi gefen arewa na tafkin. An fasa duwatsu da nakiya, an sare itatuwa, sai ga ruwan a fili ga duk mai wucewa a mota. A watan Afrilu wata mata mai suna Aldie Mackay, wadda ita da mijinta ke kula da wani otal a ƙauyen Drumnadrochit, ta ce ta ga wani abu kamar kifin teku ƙato yana birgima a ruwan. Wani mai gadin kamun kifi a tafkin, Alex Campbell, wanda ke aika wa jaridar Inverness Courier labarai, ya rubuta, aka buga ranar 2 ga Mayu, kuma a nan kalmar dodo ta shiga maganar. A watan Yuli wani mutumin Landan, George Spicer, da matarsa suka ce sun ga wata halitta mai dogon wuya tana tsallaka titi a gabansu ta nufi ruwa. Wannan ne karon farko da wuyan ya bayyana. Masu bin diddigi sun lura cewa a wannan shekara ake nuna fim ɗin King Kong a sinimomin Birtaniya, kuma a cikinsa akwai inda wata dabbar zamanin da mai dogon wuya ke tasowa daga ruwa.

Daga nan jaridun Landan suka shigo, abin ya zama kasuwa. Wani mai gidan wasan dabbobi, Bertram Mills, ya sa ladar fam 20,000 ga wanda ya kamo dodon. Jaridar Daily Mail ta ɗauko wani da ke kiran kansa gawurtaccen mafarauci, Marmaduke Wetherell, ta tura shi a watan Disamba. Kwana kaɗan da isarsa ya ce ya ga sawu a gaɓa, manya-manya, sababbi. Aka zuba filasta aka ɗauki siffarsu aka aika gidan adana kayan tarihin halittu da ke Landan. Amsar da ta dawo ta ba kowa dariya: sawun dorina ne, kuma ƙafa ɗaya ce tak aka yi ta dangwalawa a laka, busasshiya irin wadda Turawan lokacin ke kawowa daga Afirka su mayar kayan ado a ɗaki. Dorina a ƙasar ƙanƙara! Jaridar da ta aike shi ta juya masa baya, ya zama abin ba'a.

Wata huɗu bayan haka, ranar 21 ga Afrilun 1934, Daily Mail ta buga hoton da har yau shi ne fuskar Nessie a duniya: wuya siriri ya miƙe daga ruwa, kai ɗan ƙarami ya karkata gefe, ruwa na zagaye da shi. An ce wani likita a Landan, Robert Kenneth Wilson, ya ɗauka yana wucewa. Bai yarda a sa sunansa ba, sai aka riƙa cewa hoton likita. Wannan muƙami shi ya ba hoton ƙarfi. Wa zai ce babban likita ya zauna ya shirya ƙarya?

Shekara sittin hoton yana yawo a littattafai da kalandu kafin asiri ya tonu a 1994. Wasu masu bincike biyu, David Martin da Alastair Boyd, sun gano wani dattijo mai suna Christian Spurling, agolan Wetherell, wanda sana'arsa ƙera siffofi. Kafin ya rasu a 1993 ya gaya musu yadda aka yi. Wetherell ne ya ƙullaci jaridar, ya ce tunda dodo suke so za a ba su dodo. Aka sayo jirgin nutso na wasan yara a kanti, Spurling ya ƙera wuya da kai da wani irin ƙullun katako, tsayinsa bai wuce kamu ɗaya da rabi ba, ya ɗora a kai, ya sa dalma a ƙasa don kada ya kife. Wetherell da ɗansa Ian suka kai shi wani lungun tafkin suka saka a ruwa mara zurfi suka ɗauki hoto. Sai aka bi ta hannun wani aboki aka miƙa wa likitan don ya zama shi ne mai kaiwa. In ka duba cikakken hoton, wanda ba a datse gefensa ba, za ka ga abin ɗan mitsitsi ne a tsakiyar ruwa, kuma da'irar da ke kewaye da shi irin ta ƙaramin abu ce, kamar ka jefa dutse a tafki. Jarida ce ta yanke gefe ta hura tsakiya. A ganina nan ne gaɓar labarin gaba ɗaya: siffar da miliyoyin mutane ke zuwa nema a ruwan nan, wani da aka ci wa fuska ne ya sa aka sassaƙa ta don ya rama.

Kada a ɗauka kowa ɗan damfara ne. Akwai mutane masu hankali da suka yi imani da gaske. A 1938 shugaban 'yan sandan yankin Inverness, William Fraser, ya rubuta wa hukuma wasiƙa yana cewa babu shakka akwai wata baƙuwar halitta a tafkin, yana kuma nuna damuwa kan wasu da suka ƙuduri zuwa farautarta da mashi. A 1960 wani injiniyan jiragen sama, Tim Dinsdale, ya ɗauki fim na wani tozo yana tafiya a ruwa, ya bar aikinsa ya ƙarar da sauran rayuwarsa yana nema. Masu nazarin hotuna na rundunar sojan saman Birtaniya sun duba fim ɗin a 1966 suka ce mai yiwuwa abu ne mai rai, amma waɗanda suka sake dubawa daga baya sun fi karkata ga cewa ƙaramin kwalekwale ne mai inji. Daga 1962 zuwa 1972 an yi wata ƙungiya da ta girke kyamarori a gaɓa, 'yan sa kai suna gadi. Wani lauya Ba'amurke, Robert Rines, ya saukar da kyamara ƙarƙashin ruwa, a 1972 ya fito da hoton wani abu kamar filafilin ninƙaya, wanda daga baya aka gano an yi masa kwaskwarima sosai kafin a buga. A kan wannan hoto Sir Peter Scott, sanannen masanin tsuntsaye, ya raɗa wa dodon sunan kimiyya a 1975, wai don doka ta ba shi kariya.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda dodon ke ƙara ɓuya duk lokacin da kayan aiki suka ƙara kyau. A 1987 aka jera jiragen ruwa 24 kafaɗa da kafaɗa, kowanne da na'urar da ke harba sauti ƙasa ta saurari dawowarsa, suka share tafkin. Abin da aka samu ɗigo uku ne a allo da ba a tantance ba. A 2003 BBC ta ɗauki nauyin wani binciken da ya haɗa irin wannan na'ura da tauraron ɗan adam, ba a ga komai ba. A 2016 wani mutum-mutumin nutso ya hango siffar dodo sak kwance a ƙasan tafkin, mai tsawon kimanin mita tara. Da aka duba, ashe gunkin da aka ƙera ne don wani fim na Sherlock Holmes, ya nutse ana cikin aiki a 1969. Yau kowane baƙo da waya mai kyamara a aljihu, amma hotunan ba su fi na 1933 fitowa ba.

Binciken da ya fi kusa da rufe maganar shi ne na Farfesa Neil Gemmell na Jami'ar Otago da ke Niyu Zilan. Duk abin da ke rayuwa a ruwa yana zubar da ɓurɓushin jikinsa, fata ko kashi ko majina, kuma ana iya tace ruwan a karanta ƙwayoyin halittar da ke ciki. A 2018 ayarinsa ya ɗebi ruwa sau 250 daga sassa daban-daban da zurfi daban-daban. Sakamakon da aka bayyana a Satumban 2019 ya nuna mutane da karnuka da tumaki da barewa da kifaye, babu alamar dangin kada ko ƙadangare ko kaɗan. Abin da ya yi yawa shi ne wani kifi dogo mai santsi da siffar maciji, ɗan kama da gaiwa. Gemmell ya ce ba zai iya kore yiwuwar a samu ƙato a cikinsu ba, jaridu kuwa suka ɗauki wannan suka yi kanu da shi, ko da yake gwajin ba ya auna girman kifi.

Tun kafin wannan ma lissafi ya ƙi. Dabbar da ake kwatanta Nessie da ita, wata mai dogon wuya daga dangin ƙadangare da ta rayu a ruwa a zamanin da, ta ƙare a duniya kimanin shekara miliyan 66 da suka wuce, tafkin kuwa ƙanƙara ce daskare a wurinsa har zuwa wajen shekara dubu goma baya. Dabba ɗaya ba ta rayuwa ƙarni bayan ƙarni, sai da garke mai hayayyafa, kifin tafkin kuma bai isa ya ciyar da garken ƙatti ba. Mai shaƙar iska dole ya riƙa leƙowa sau da yawa a yini, a gaban titi mai cike da motoci. Kuma ba a taɓa tsintar gawa ko ƙashi ba.

To me mutane ke gani? Yawanci igiyar da jirgi ya bari, wadda a tafki siriri kan bugi gaɓa ta dawo ta yi tozo-tozo bayan jirgin ya daɗe da ɓacewa. Sai gungumen itace da iska ke turawa, da tsuntsayen ruwa a jere, da barewa tana ninƙaya kai a sama, da karen ruwa. A shimfiɗaɗɗen ruwa ido ba ya iya auna nisa, abu mai kamu biyu sai ya zama mai gaba goma. Mai zuwa da dodo a ransa kuma ya riga ya san siffar da yake jira.

Ƙasar dai tana cin moriya. An taɓa ƙiyasta cewa Nessie na kawo wa Sikotland kimanin fam miliyan 41 a shekara, kuma rajistar waɗanda suka ce sun gan shi ta haura dubu ɗaya. A watan Agustan 2023 aka sake yin gangamin nema, mafi girma cikin shekara hamsin, da jirage marasa matuƙa da na'urar sauraron ƙarƙashin ruwa, ana tafka ruwan sama. Jagoran neman ya gaya wa 'yan jarida cewa sun ji wata ƙara har sau huɗu daga ƙasa, suka ruga da murna su duba abin naɗar sauti, sai suka tarar ba a jona shi ba.