Mulhidi da Mai Cewa "Ban Sani Ba": A Ina Suka Rabu?

Wanda ya ce babu Allah da wanda ya ce bai sani ba, ashe ba jirgi ɗaya ya kwaso su ba?

A'a, domin kowannensu tambayar da yake amsawa daban. Ta farko ita ce: ka yarda akwai Allah? Ta biyu kuma: ka sani, ko ma ana iya sani? Mulhidi, wato wanda bai yarda akwai Allah ba, ta farkon yake amsawa da a'a. Shi kuwa mai aƙidar ban-sani-ba, wadda Larabawa ke kira la'adriyya, ta biyun ce a gabansa. A ganinsa, hujjojin da ke hannun ɗan Adam ba su kai a yanke hukunci da su ba, ko ta nan ko ta can.

To mene ne bambancin yarda da sani?

Nan ne gizo ke saƙar. Yarda ita ce zuciyarka ta karɓi abu a matsayin gaskiya. Sani kuwa ya fi haka tsada. Tun zamanin Aflaton masana falsafa ke kai-kawo a kan cewa sani na buƙatar abu uku: ka yarda da abin, abin ya zama gaskiya, kuma kana da dalili mai ƙarfi.

Ko ukun ma ba kullum suke isa ba. Bertrand Russell, masanin falsafa ɗan Birtaniya, ya kawo misalin mutumin da ya ɗaga kai ya dubi agogo. A ce ya ga ƙarfe uku, ya yarda, kuma lallai ƙarfe ukun ne. Ashe agogon ya tsaya tun jiya, daidai kan ƙarfe uku. Ya yarda, ya faɗi daidai, yana da dalili, amma dace ya yi, ba sani ba. A 1963 wani masanin falsafa ɗan Amurka, Edmund Gettier, ya rubuta 'yar gajeriyar maƙala a kan irin wannan matsala, har yau ba a gama muhawara a kanta ba.

Malaman usulul fiƙihu ma sun daɗe da jera matakan sani: wahami (zato mai rauni), shakka, zato mai rinjaye, sannan yaƙini. Imam Ghazali, wanda ya rasu a 1111, ya ba da labarin yadda shakka ta kama shi har ya daina amincewa da idonsa da hankalinsa, kafin ya samu natsuwa. Wanda ya ɗauki zatonsa ya kira shi yaƙini, ko mai addini ne ko mulhidi, ya cuci kansa.

Daga ina aƙidar ban-sani-ba ta fito?

Sunanta na Turanci, wato agnosticism, Thomas Huxley, masanin halittu a Ingila, ya ƙirƙira a 1869. Tunanin kuwa ya girme shi nesa ba kusa ba: Protagoras na Girka, ƙarni biyar kafin haihuwar Annabi Isa, ya ce ba shi da hanyar sanin ko alloli na nan ko babu su. Charles Darwin ma, a wata wasiƙa ta 1879, ya ce wannan suna ya fi dacewa da halinsa, ba mulhidanci ba.

Mutum ɗaya zai iya zama duka biyun?

Ƙwarai. Akwai mai cewa bai yarda ba, amma ba ya da'awar ya san babu. Akwai kuma mai imani da ke cewa ya yarda da zuciya ɗaya, ko da ba zai iya kafa hujjar da za ta rufe bakin kowa ba.

Ba tsoron ɗaukar matsaya ba ne kawai?

Ga wasu, haka ne: sun ce "ban sani ba" don su huta da tunani. Amma ban yarda a yi wa kowa kuɗin goro ba, domin wanda ya yi bincike tsakani da gaskiya ya tsaya inda hujjarsa ta tsaya ba matsoraci ba ne. Inda nake da ja shi ne da mai cewa ba wanda zai taɓa sani har abada. Wannan ya wuce "ban sani ba", ya zama da'awa babba a kan iyakar hankalin kowane ɗan Adam, kuma ita ma sai ya kawo mata hujja.