Waiwaye: ciwon da aka sani a muƙamuƙi, ya ɓuya a ciki

Kwanakin nan duk fadar da ka zauna a Damagaram, daga Birni har Zango, da an taɓo zancen ciwon daji sai ka ji an ce sabon abu ne. Wani ya ɗora laifi kan dunƙulen miya, wani kan leda, wani kan shinkafar waje. A WhatsApp kuwa hotunan yara masu kumburarren ciki ke yawo, ana neman gudummawar kuɗin mota zuwa Yamai. Alhali dajin kaluluwa, wanda likitoci ke kira limfoma, ya girmi ƴancin kan Nijar a littattafan likitanci.

Mu dai mun san kaluluwa a wuya da hammata da matsematsi. Amma akwai wasu da yawa can cikin ciki, jere a tantanin da ke riƙe da hanji, inda ido ba ya kaiwa.

Tarihin farko sananne ne. A 1832 Thomas Hodgkin ya bayyana wani nau'in cutar a Landan. A 1958 Denis Burkitt, likitan fiɗa a Kamfala ta Yuganda, ya rubuta bayanin yaran da muƙamuƙinsu ke kumbura har haƙora su girgiɗe, wani nau'in limfoma da aka sa wa sunansa. A 1964 aka gano ƙwayar cuta mai suna Epstein-Barr a cikin irin wannan ƙari, an kuma lura cutar ta fi yawa inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. Tun shekarun 1960 aka ga allurar magani na narkar da ƙarin, har a Ibadan.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne abin da ya biyo baya. Hoton da ya zagaya duniya, wanda ɗaliban kiwon lafiya suka haddace, na yaro ne mai karkatacciyar fuska. Da na'urar hoton ciki, wadda muke ce wa eko, ta yawaita a asibitocin Afirka, sai aka tarar yara da dama ba su da komai a fuska, ƙarin yana hanji, ko kaluluwar ciki, ko ƙoda. A wasu asibitocin ma masu na ciki sun zarce masu na muƙamuƙi yawa. Wannan sani ya tsaya a hannun ƙwararru, bai sauko ƙauye ba.

To, a ƙasar nan kumburin ciki yana da masu shi tun da daɗewa. Saifa ce, in ji kaka. Tsutsar ciki ce, in ji mai tallar magani. Tun yunwar 2005 kuma, da an ga yaro da ƙaton ciki da siraran ƙafafu, tamowa ke fara zuwa zuciya, kuma sau tari gaskiya ne. Sai dai kowanne daga cikin waɗannan yana cin makonni kafin a fid da rai da shi, shi kuwa ƙarin Burkitt yana iya ninka girmansa cikin kwana 1 zuwa 2. Da wuya a sami dajin da ya kai shi sauri.

Na ga haka a gidan maƙwabta. Yaro ɗan shekara 7, wandonsa ya daina ɗauruwa, yana jiƙe tabarma da gumi cikin dare ko a lokacin ɗari. Wanzami ya yi masa tsaga a gefen hagu na ciki, an sha jiƙe-jiƙe, an sha maganin tsutsa har sau biyu. Da na ce wa kakarsa, "Inna, a kai shi a yi masa eko mana," sai ta ce, "Ɗana, ubansa ma da saifa ya tashi, ga shi nan garau." Ba ƙarya ta yi ba. Wata biyu aka yi kafin a ɗora masa na'urar.

Ga kuma batun shekaru. Kulawa kyauta da aka soma a 2006, da maganin rigakafin zazzaɓi na damina, duka an tsara su ne don ƴan ƙasa da shekara 5, kuma sun ceci rayuka ba adadi. Ƙarin Burkitt kuwa ya fi kama ƴan shekara 5 zuwa 9, maza fiye da mata, wato daidai lokacin da yaro ya fita daga inuwar, ya koma aljihun ubansa.

Eko ma nuna ƙari kawai take yi. Kafin a san irinsa sai an yanko ɗan tsoka an duba, sannan a shiga shimiyo, wato allurar maganin daji, zagaye bayan zagaye. A ƙasashe masu hali, kusan yara 9 cikin 10 suna warkewa. Cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa tana Yamai, wajen kilomita 900 daga nan. Mahaifin yaron nan tumaki biyu ya sayar kafin su hau mota, Inna kuma ta ƙulle masa sauran jiƙon a cikin kaya.