Wai mene ne fiksi, kuma me ya raba shi da keken su baba?

In kana bibiyar samari masu harkar keke a Facebook ko TikTok za ka ga kalmomi biyu na ta yawo, wannan ya ce nashi singil ne wancan ya ce fiksi, kuma da yawa sun ɗauka abu ɗaya ne tunda duk biyun ba a canja musu giya. To ba ɗaya ba ne fa, bambancin ma zai iya kayar da mutum a tsakiyar PZ, nan Zariya, da rana tsaka.

Singil dai ba baƙo ba ne a wurinmu. Keke ne mai giya ɗaya tal, babban faranti mai haƙora a wajen feda, ƙarami a tayar baya, sarƙa ta haɗa su, shi ke nan. Raleigh da Phoenix ɗin da dattawa ke hawa zuwa gona ko kasuwar Tudun Wada da buhu a kariya duk singil ne, sunan ne kawai ba mu kira. A tayarsa ta baya akwai firiwil, shi ne abin da ke ba ka dama ka daina tuƙi keken ya ci gaba da gangarawa yana wannan ƙarar tik-tik-tik ɗin.

Fiksi kuwa an cire firiwil ɗin gaba ɗaya. Ƙaramin farantin a ɗaure yake kam da tayar baya, har da wani zobe mai juyayyen zare da ke kulle shi don kar ya kwance, saboda haka muddin taya na juyawa feda ma na juyawa, ko ka so ko ba ka so. Babu sakin firi. In ka manta ka tsayar da ƙafa kamar yadda ka saba tun kana yaro, fedar za ta ɗago ka daga kan sirdi, wanda bai yi sa'a ba sai dai a zo a ɗaga shi. In ka tuƙa baya kuma keken baya zai yi, shi ya sa gwanayensu ke tsayawa cak a wuri ɗaya ba su sa ƙafa a ƙasa ba.

Abin dariyar shi ne wannan da ake yi wa kallon sabon yayi shi ne tsohon. Keken Rover da John Kemp Starley ya fitar a Ingila a 1885, wanda shi ne kakan kekunan yau, ba shi da firiwil, sai wajen ƙarshen shekarun 1890 abin ya bazu. Gasar Tour de France ta Faransa an fara ta a 1903 amma sai 1937 aka yarda mahaya su yi amfani da na'urar canja giya. Har gobe masu tsere a filin keke mai zagaye fiksi suke hawa kuma ba birki, irin tseren keirin da Japan ta fara a 1948. Masu kai saƙo da keke a New York da San Francisco su suka fito da shi kan titi, don ba shi da tarkacen da zai lalace, daga nan samari suka gani suka ɗauka.

Yanzu batun lissafi, wanda shi ne ainihin abin da ya kamata ka tambayi mai gyaran keke kafin ka biya. Tunda giya ɗaya ce, ita za ka zauna da ita a hawa da gangara. Ƙirga haƙoran gaba ka raba da na baya. In gaba 48 ne baya 16, duk juyin feda ɗaya taya ta juya sau 3, wajen mita 6 ke nan a kan babbar taya, akwai gudu amma tashi daga tsaye sai gwiwa ta ji a jikinta. In 44 da 18 ne bai kai sau biyu da rabi ba, ya fi sauƙin tashi. Zariya ba garin tsaunuka ba ne, daga Samaru ka biyo ta Kwangila zuwa Sabon Gari babu hawan da zai sa ka yi kukan rashin giya, matsalarmu tsaye-tsaye ce, mai napep ya ci birki a gabanka ba sigina, ɗan acaba ya yanko ta hagu, akuya ta tsallako, don haka ni dai na fi ganin mai sauƙin ya fi dacewa da mu.

Inda giya ɗaya ta yi zarra shi ne lokacin hunturu. Ƙura na shiga na'urar canja giya ta haɗu da mai ta zama kamar kwaɓaɓɓen yashi, yau sarƙa ta zame gobe waya ta saki. Singil kuwa ka goge sarƙa da tsumma ka ɗiga mata mai ka ja ta daidai, an gama, kuma kowane mai gyara a bakin titi ya san kansa.

Amma fiksi marar birki a titinmu, gaskiya wannan ganganci ne. Masu yi suna danne feda ne da ƙarfin cinya har tayar baya ta ja ƙasa, abin na da kyau a bidiyo, sai dai yana cin taya kuma a kan yashi ba ya tsayar da kai, sulɓewa kawai za ka yi. Ko a Birtaniya doka ta ce dole fiksi ya zama da birkin gaba kafin ya hau titi. Ga kuma kayanmu, ƙafar wandon kaftani in ta shiga sarƙar singil ka tsayar da feda ka zare, a fiksi sarƙar ba ta tsayawa, za ta ci gaba da naɗewa har ta kai ka ƙasa. Haka yatsa in kana goge sarƙa taya na juyawa, kar ka kuskura. A kwana ma tunda ba ka iya ɗage feda, in ka kwanta da yawa sai ta daki kwalta.

Wanda ke son ɗanɗanawa ya nemi tayar baya mai fuska biyu, gefe ɗaya firiwil ɗaya gefen fiksi. Sifana lamba 15 kawai kake buƙata, ka kwance tayar ka juya ta ka ɗaure, ka je wani fili ko cikin jami'a ranar Lahadi da safe ka gwada, birkunanka duka biyu kuma ka bar su a jiki.