Kajin buroila: tambayoyin da ake ta maimaita mini

Allura ake musu suke girma da sauri haka?

A'a. Bakina har ya gaji da wannan amsa. Zaɓen iri ne da abinci mai kyau. Shekara da shekaru ana tsintar waɗanda suka fi saurin cika ƙirji ana haɗa su da junansu. A jami'ar Alberta ta Kanada an kiwata irin buroilar shekarar 1957 da irin ta shekarar 2005 a kan abinci ɗaya. Da suka kwana 56, na farko bai kai kilo ɗaya ba, na biyu ya haura kilo huɗu. To ina allura a nan?

Inji ne ke ƙera su?

Haba! Kaza ce ta saka ƙwai, inji ya ɗumama shi kwana 21.

Zan iya barin wasu su girma su yi mini ƙwai, in daina sayen 'yan tsaki?

Wannan kam sai an zauna. Eh, mace tana iya fara ƙwai wajen wata shida, in ta kai. Sau da yawa ba ta kaiwa. An gina ta ne don a yanka tana sati shida ko bakwai, in aka bar mata abinci yadda take so, nauyi ya rinjayi ƙafa, sai ka gan ta zaune gaban mazubin abinci tana haki, wata kuma zuciya ta buga. Shi ya sa gonakin da ke riƙe iyayen suke auna musu abinci kullum. Zakaran ma in ya yi ƙiba ba ya iya hawa, sai ƙwan ya fito ba ɗa. Kuma da wuya ta yi kwanci, dole inji ko wata kazar.

A ce duk ka tsallake waɗannan. Buroilar da ke hannunka jikar tsatso huɗu ce, biyu ta wajen uba, biyu ta wajen uwa, kuma kamfanonin da ke fitar da irin, kamar Aviagen mai buroilar Ross 308 da Cobb-Vantress mai buroilar Cobb 500, ba sa sakin tsatson nan. 'Ya'yan da za ka samu sai su rarrabu, wani ƙato, wani tsamurarre, ba za su kai yanka lokaci ɗaya ba. Don cin gida, gwada, ba laifi. In kasuwa ce, ni dai ban ba ka shawara ba.

Daga ina asalinsu?

Kakar kowace kaza jar kazar daji ce ta kudu maso gabashin Asiya. Buroila kuwa a Amurka aka fitar da ita, daga haɗin kaza irin Cornish mai faɗin ƙirji 'yar asalin Ingila da kaza irin White Plymouth Rock. Gasar neman "kazar gobe" da aka kammala a 1948 ta ƙara wa abin wuta, wani mai kiwon kaji, Charles Vantress, ne ya lashe ta.

Duk maza ne?

Maza da mata. Mazan dai sun fi saurin nauyi.