Dawwamar ilimin aljabara bayan barin makaranta

Dawwamar ilimin aljabara batu ne da masana halayyar ɗan Adam da masana koyar da lissafi suke bincike a kansa, domin su gano yawan abin da ke saura a ƙwaƙwalwar mutum daga aljabarar sakandare bayan shekaru sun shuɗe, da dalilin da ya sa wasu suke riƙe shi wasu kuma yake zube musu. Aljabarar da ake nufi a nan ita ce ta matakin farko, wato amfani da haruffa a madadin lambobin da ba a sani ba, da warware lissafin daidaito irin 3x + 5 = 20, da buɗe baka, da mayar da tambayar da aka yi da kalmomi zuwa alamomin lissafi. Sunan fannin ya samo asali ne daga kalmar Larabci al-jabr, wadda take cikin sunan littafin da Muhammad bn Musa al-Khwarizmi ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820.

Tushen binciken

Bajamushe Hermann Ebbinghaus ne ya fara auna mantuwa da ƙididdiga. A aikin da ya wallafa a 1885, ya haddace gaɓoɓin sauti marasa ma'ana, ya riƙa gwada kansa lokaci bayan lokaci, ya kuma ga cewa mantuwa tana da sauri ƙwarai da farko kafin ta lafa. Sai dai gwajinsa bai wuce na kwanaki da makonni ba, kuma abin da ya haddace ba ilimin makaranta ba ne. Wanda ya faɗaɗa awon zuwa tsawon rayuwa shi ne Harry Bahrick na Jami'ar Ohio Wesleyan a Amurka. A 1984 ya gwada mutum 733 da suka koyi Sifananci a makaranta, wasunsu shekara 50 da suka wuce, ya gano cewa ilimin yana raguwa a shekaru uku zuwa shida na farko, sannan abin da ya tsira ya zauna kusan yadda yake har tsawon shekara 30 kafin ya sake yin ƙasa. Wannan kason da ya tsira shi ne ya ɗauka a matsayin ma'ajiya ta dindindin a ƙwaƙwalwa.

Binciken 1991

Aiki mafi muhimmanci a kan aljabara shi ne wanda Bahrick da Lynda Hall suka wallafa a 1991. Sun gwada mutum 1,726 a kan aljabara da lissafin siffofi na sakandare, daga waɗanda ba su daɗe da gama darasin ba zuwa waɗanda suka yi rabin ƙarni da barinsa, sun kuma tattara bayanai a kan darussan da kowa ya ɗauka, da makin da ya samu, da yawan amfanin da ya yi da lissafi bayan makaranta.

Sakamakon ya saɓa wa abin da mutane da yawa suke zato. Waɗanda suka ci gaba da lissafi a jami'a har zuwa matakin kalkulas (reshen lissafi mai zurfi da ke nazarin yadda adadi yake sauyawa) ko sama da shi, kaɗan ne ƙwarai ya zube musu daga aljabarar sakandare ko bayan shekara 50, har da waɗanda ba su riƙa bitarsa a rayuwarsu ta yau da kullum ba. Waɗanda kuwa suka yi ƙoƙari daidai da nasu a sakandare amma ba su ɗauki wani darasin lissafi a jami'a ba, iliminsu ya yi ta raguwa har ya kusa komawa matsayin wanda yake amsa tambayoyi da canki. Maki mai kyau da sakamakon jarrabawar shiga jami'a suna nuna inda mutum ya faro, amma tasirinsu a kan saurin mantuwa ɗan ƙanƙani ne. Wato haziƙin ɗalibi yana farawa daga sama, amma idan ya tsaya a darasi ɗaya, zai gangaro kamar yadda kowa yake gangarowa.

Bayanin da masu binciken suka bayar shi ne cewa ɗalibin kalkulas ba ya iya taka ko ɗaya ba tare da aljabara ba, don haka yakan shafe shekaru yana maimaita ta a cikin sababbin matsaloli, alhali wanda ya tsaya a sakandare ya koye ta ne a dunƙule cikin ɗan lokaci. Mahaddatan Alƙur'ani ba za su ji wannan a matsayin sabon labari ba, domin sun daɗe da sanin cewa hadda ba ta zama sai da tilawa. Ya kamata dai a lura cewa binciken ya kwatanta mutane daban-daban ne masu shekaru daban-daban, bai bi mutum ɗaya tsawon rayuwarsa ba, kuma waɗanda suka zaɓi ci gaba da lissafi suna iya bambanta da sauran tun asali.

Kurakuran ɗaliban jami'a

Ba duk gazawar da ake gani a jami'a ce mantuwa ba, domin wani abin tun farko bai zauna daidai ba. A wani aiki da suka wallafa a 1981, John Clement da Jack Lochhead da George Monk sun ba ɗaliban injiniya 'yan shekarar farko a Amurka wata tambaya mai kama da wasa: a wata jami'a ɗalibai sun ninka malamai sau shida, a rubuta wannan da alamomin lissafi. Idan D tana nufin yawan ɗalibai, M kuma yawan malamai, amsar ita ce D = 6M. Kashi 37 cikin ɗari sun kasa, kuma akasarin waɗanda suka kasa sun juya amsar ne zuwa 6D = M. Wasu sun bi jerin kalmomin jumlar Turancin ne kawai, wadda take kawo shida, sannan ɗalibai, sannan malamai. Wasu kuma sun ɗauki harafin tamkar sunan abu maimakon adadi, sai suka karanta 6D = M da ma'anar "ɗalibai shida ga malami ɗaya". Waɗannan ɗalibai ne da za su iya warware lissafin da ya fi wannan wuya nesa ba kusa ba, muddin an ba su shi a rubuce da alamomi.

Wani kuskuren da malaman jami'a suka saba gani shi ne ɗaukar (a + b)² a matsayin a² + b² maimakon a² + 2ab + b², wato a bar 2ab a baya. Gwaji da lambobi yana tona shi nan take, tunda (2 + 3)² tana ba da 25, alhali 4 da 9 suna ba da 13, amma wanda ya riƙe ƙa'ida a matsayin zane kawai ba kasafai yake tunanin gwadawa ba.

Tsarin atisaye

Binciken baya-bayan nan ya karkata ga yadda za a samar da irin maimaicin da ɗaliban kalkulas suke samu tun a sakandare. Littattafan lissafi da yawa suna jera tambayoyi iri ɗaya bayan kowane darasi, ta yadda ɗalibi ya riga ya san hanyar da zai bi kafin ya karanta tambayar. Doug Rohrer na Jami'ar Kudancin Florida da abokan aikinsa sun gwada gauraya tambayoyi daga darussa daban-daban, abin da yake tilasta wa ɗalibi zaɓen hanya da kansa, yake kuma rarraba bitar kowane darasi a kan makonni. A gwajin da suka wallafa a 2020, wanda ya ƙunshi ɗalibai 787 'yan aji bakwai a azuzuwa 54, an yi musu jarrabawar ba-zata wata ɗaya bayan bitar ƙarshe. Waɗanda suka yi gaurayayyen atisaye sun samu kashi 61 cikin ɗari, sauran kuma kashi 38, alhali tambayoyin da ɓangarorin biyu suka yi atisaye da su ɗaya ne, jerinsu kawai aka sauya.