Maganadisun ƙasa: kalmar da aka ɗora wa kayan da ba nata ba

Sati uku ke nan kalmar nan tana yi mini ƙaiƙayi a kunne. Tun ranar da bidiyon yaran unguwarmu ya fita, wanda suka gangaro da motar katako daga kan wani tudu a bayan garin Madina, duk zauren WhatsApp da na leƙa sai na tarar an rubuta: "Matasan Hausawa a Saudiyya sun ƙera mota mai tafiya da maganadisun ƙasa." Wani mai gabatar da shiri a wata tashar rediyo can gida ya ɗauka ya ƙara gishiri, wai ba fetur, ba batir, maganadisu ne zalla. Ɗan siyasar da ya gayyato kuma ya ce da za a ba su dama, da sun ɗauko yaran nan sun raba talaka da tsadar mai.

Ɗaya daga cikin yaran ɗan yayata ne. Ni na ɗauki motar a bayan wanet ɗina, wato a-kori-kura, na kai ta wurin gwajin bayan sallar asuba ranar Juma'a, lokacin da hanya ba kowa. Na san abin da ke cikinta: falanki, tayoyi huɗu na tsohuwar arabiyya irin wadda ake tura tsofaffi a Harami da suka sayo a haraj, wato kasuwar gwanjo, igiya a madadin sitiyari, sai guntun katako da aka manna wa robar taya yana gogar kwalta, shi ne birki. Wanda ya taso a Kano ko Zariya ya san ƙanwarta, keken boris. Maganadisu ko na ƙofar firij babu a jikinta.

Abin da ke gangaro da ita shi ne abin da ke faɗo da mangwaro daga bishiya, ya zubo da ruwa daga indararo. Wannan kowa ya sani, ba sai na tsaya a kai ba. Inda matsalar take shi ne sunan da muka ba shi. Wani mai fassara, Allah ya jiƙansa in ya rasu, ya nemi yadda zai faɗi wannan ja da ƙasa ke yi wa komai, ya duba ya ga abin da ya fi kama da shi a idon mutane shi ne maganadisu, sai ya ce "maganadisun ƙasa". Daga nan 'yan jarida suka gada, malaman makaranta suka gada. Yau ko labarin 'yan sama jannati ake yi, sai ka ji an ce sun fita daga maganadisun duniya.

To ai Bahaushe yana da sunan maganadisu tun kafin boko, kuma sunan ya riga ya yanke hukunci: mayen ƙarfe. Maitarsa a kan ƙarfe ta tsaya. Kawo shi kusa da allura ta yi tsalle ta manne. Kawo shi kusa da katako, ko roba, ko dabino, ko tagulla, ko zoben zinariyar Hajiya, ko gezau. Ja na ƙasa kuwa ba ya zaɓe, yana jan ƙarfe da auduga da ɗan Adam da hayaniyarsa. Na biyu, mayen ƙarfe yana da fuska biyu, in ka haɗa guda biyu ta fuska iri ɗaya sai su ture juna. Ja na ƙasa bai taɓa ture kowa ba. Kuma duk sanda ka ɗaga allura da ɗan mayen ƙarfe, kana kallon su biyun suna kokawa ne a gabanka: duniya da girmanta tana jan allurar ƙasa, ɗan abin da bai kai kwabo ba yana jan ta sama, kuma shi ke yin nasara. Abu biyu da ke kokawa ta yaya za su zama abu ɗaya?

Abin da ya ƙara dagula lissafi shi ne duniya tana da maganadisun nata na gaske. Shi ne ke juya allurar kamfas ɗin da alhazai ke saye don neman alƙibla. Amma rauni gare shi, wanda ake mannawa a ƙofar firij ya fi shi ƙarfi wajen sau 100. Abin da da ƙyar yake juya allura ba shi zai tura mota da mutum a ciki ba. Duniyar Mars ma ba ta da irin wannan maganadisu da ya game ta baki ɗaya kamar tamu, amma ka saki dutse a can zai faɗi. Saboda haka in muka ba ja na ƙasa sunan "maganadisun ƙasa", shi na ainihin mai juya kamfas da wane suna za mu kira shi?

Ban ce mai fassarar nan wawa ba ne, don manya ma sun faɗa wannan rami. A 1600 wani likitan Ingila, William Gilbert, ya nuna cewa duniya kanta ƙaton maganadisu ce, har masanin taurari Kepler ya zaci irin wannan ƙarfi ne ke juya duniyoyi a kewayen rana. Sai a 1687 Newton ya fito da lissafin da ya nuna ja ne na daban, wanda ya danganta da yawan jikin abu da nisan da ke tsakani. Su sun gyara nasu shekara 300 da ɗoriya. Mu ne muka tsaya a tashar da aka sauke mu.

Ita kalmar maganadisu aro ce daga Larabci, magnaɗis, su kuma Larabawa daga Girkanci, daga sunan wani yanki da ake kira Magnesiya. Amma Larabawan da muka ara a wurinsu ba su haɗa biyun ba. Ɗan yayata a makaranta jazibiyya aka koya masa, daga jazaba, wato ya jawo. Asalin nan ma ba baƙo ba ne a bakinmu, daga nan jazabu ya fito, wanda ke kama mutum a wajen zikiri. Shi ya sa da yaron ya ji rediyon sai ya kalle ni ya ce, "Kawu, wane maganadisu kuma? Ko wata motar suke nufi?"

Mu mazauna Madina muna da dalili na musamman na jin haushin wannan kalma, sunansa Wadil Jinni. Duk direban ziyara ya san shi, can arewa maso yamma da gari, 'yan ƙasa kuma Baida suke ce masa. Bayan Uhudu da Ƙuba da Ƙiblataini, in alhazai suna da sauran kuɗi sai a kai su. Direba ya sa mota a firi, ya ɗage ƙafa, mota ta kama gudu ita kaɗai, ga shi kuma ido yana ganin kamar hawa ake yi. Sai bayani ya rabu biyu, masu cewa aljanu da masu cewa dutsen maganadisu, kuma na biyun su ne ke ganin kansu wayayyu. Alhali gangara ce. Yanayin duwatsun da ke gefe ne ke ruɗar ido ya ga gangara kamar hawa. Ka ajiye gorar ruwa ta roba a kan kwaltar, ita ma can za ta mirgina. Ka tsiyaya ruwan, can zai bi. Wane maye ne ke kama roba da ruwa? Na taɓa yi wa wani Alhaji baƙona wannan bayani, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, ka dai bar mu da abin da muka gani." Na bar shi.

Sau ɗaya na san maganadisu ya shiga tseren irin waɗannan motocin katako da gaske, kuma labarin ya isa ya kashe gardamar. A Amurka wasan ya girma. A 1933 wani mai ɗaukar hoto na jarida, Myron Scott, ya ga yara suna gangarowa da motocin da suka harhaɗa a garin Dayton na jihar Ohio, sai ya shirya musu gasa. A 1935 aka mayar da ita Akron, a 1936 aka gina mata hanyarta ta musamman, wadda tsawon da ake tsere a kai yau kusan mita 300 ne. Sunan gasar ma, Soap Box Derby, daga akwatin sabulu ya samo asali, irin akwatunan katakon da yara ke ƙwanƙwasa wa tayoyi. Doka ɗaya ce uwar sauran: ba inji, ba turi, gangara kawai.

A 1973 wani yaro ɗan shekara 14 daga Boulder ta jihar Colorado ya lashe gasar, da kyautar kuɗin karatu dala 7,500. Ga yadda ake tashi: kowace mota tana jingine da hancinta a jikin wani faifan ƙarfe da ya tare ta, in aka saki faifan sai ya kife gaba, motoci su gangara. Kawun yaron, wanda ɗansa ne ya ci gasar 1972, ya san wannan faifai sarai. Sai aka binne maganadisu mai aiki da lantarki a hancin motar, da batir a ɓoye, aka sa makunnin a inda direba ke jingina kai. Yaro ya danna hular kwanonsa baya, maganadisu ya kama faifan, faifan yana kifewa yana fizgo motar. Ɗan fizgin nan na ƙiftawar ido ya isa, a tseren da ake rabuwa da tazarar da ba ta kai taku ɗaya ba. Hotunan tashi ne suka tona, don an ga motarsa tana yin wuf ta riga saura. Aka saka ta a na'urar hoton ƙashi, komai ya fito fili, bayan kwana 2 aka ƙwace kambun, kawu kuma ya tsinci kansa a kotu. Wato a gasar da aka gina kacokan a kan ja na ƙasa, ranar da maganadisu ya leƙo sunansa maguɗi. Da na ba yaranmu labarin, abin da suka riƙe kawai shi ne kawu ne ya shirya, suka yi ta kallona suna dariya.

Ɗan siyasar nan kuwa, da ya zo gwajin da ya ga inda man yake. Kowane zagaye sai yara uku sun tura motar zuwa saman tudu suna haki. Wannan turin shi ne cika tanki, gangarowa kashe abin da aka tara ne. Lissafin ba wuya. In tsayin gangara daga sama zuwa ƙasa mita 10 ne, iyakar gudun da za a samu kusan kilomita 50 ne a awa, ko da babu iska babu gogayya. Kana son ninka gudun, sai ka nemo tudu mai mita 40. Ƙarfin da ake tarawa in an hau da kilo 100 mita 10 kuwa bai kai wanda ke cikin dabino ɗaya ba, kuma lita ɗaya ta fetur ta ninka ƙarfin hawan nan fiye da sau 3,000. Daga Kano zuwa Kaduna wa zai tura? Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Gardamar da ta fi cin lokacinsu a ranar ita ce ta nauyi. Wani ya dage a ƙara bulo biyu don ƙasa ta fi jan motar. Wani ya ce malaminsu ya ce nauyi ba ya ƙara saurin faɗuwa, har ya kawo labarin ɗan sama jannati David Scott da ya saki guduma da gashin tsuntsu a kan wata a 1971 suka dira tare. Dukansu suna da gaskiya, abin da ya fi ba ni sha'awa ke nan. A wata babu iska. A nan akwai, kuma iska ta fi cin zalin mara nauyi, shi ya sa masu shirya gasa ke ƙayyade nauyin mota da direbanta. Inda aka sa bulon ma magana ce: a baya ya fi, don lokacin tashi bayan motar ya fi gabanta tsayi a kan gangara, nauyin yana da ƙarin tazarar faɗowa. Amma da suka matsar da shi baya sosai sai gaba ya yi sakayau, igiya ta daina jin magana, motar ta nufi tarin yashi. Abin da ya rage musu lokaci a agogon waya daga ƙarshe ba bulo ba ne. Tayar hagu ta gaba ce ta ɗan karkace tana cin gudu, suka daidaita ta da zare, suka wanke busasshen giris daga boris.

To me za mu ce a madadin? Ni "jan ƙasa" nake cewa, ko "ƙarfin jan ƙasa". Na san yana da nasa aibin, a rubuce wani zai karanta shi kamar jar ƙasa ta gini, wani kuma ya tuna da masu jan ƙasa wato macizai da ƙadangaru. "Janyowar ƙasa" ta kauce wa wannan, sai dai tsawo. Kalmar Turawan kanta, gravity, daga Latin take, ma'anarta nauyi kawai, ba wani abin alfahari. Ko jazibiyya muka ara ban ƙi ba, tunda maganadisun ma aro ne, kuma mun ari abin da ya fi wannan nauyi a baki. Kowacce aka ɗauka, aƙalla ba za ta sa mutum ya zaci akwai wani sirri a cikin falanki ba.

Jiya wani dattijo daga Jidda ya kira yayata, ya ce yana son a tambayi yaron ko za su sayar masa da irin maganadisun, yana da tsohuwar Hilux da yake son a sa wa. Yaron ya karɓi wayar ya gaishe shi da ladabi, ya ce, "Baba, akwai, amma sai in gidanka a kan dutse yake, kuma kana da masu mayar maka da ita sama da yamma."