Waiwaye: Daga Dokar Soja Zuwa Gidan Mari, Ina Ake Kai Ɗalibin da Ƙwaya Ta Kama?

A watan Yulin 2025, Ministan Ilimi na Najeriya, Tunji Alausa, da shugaban hukumar NDLEA mai yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi, Buba Marwa, suka cimma matsaya cewa za a riƙa yi wa ɗaliban manyan makarantu gwajin ƙwaya. Iyaye da dama sun yi na'am da wannan shawara, kuma ba a ga laifinsu ba. Sai dai gwaji yana nuna cuta ne kawai, ba ya warkar da ita, kuma tambayar da ke biye da shi ta girmi ɗaliban da za a gwada: idan an samu yaro ɗan shekara 19 ko 22 yana sha, ina za a kai shi, kuma wa zai karɓe shi idan ya dawo?

Tun farko hukuma ta ɗauki shaye-shaye a matsayin laifin da sanda ce maganinsa. A 1966 gwamnatin Janar Aguiyi-Ironsi ta kafa dokar tabar wiwi, wadda ta tanadi kisa ko ɗaurin shekara 21 ga wanda ya noma ta, da ɗaurin aƙalla shekara 10 ga wanda aka kama yana busawa. An sassauta dokar a 1975, amma a 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta dawo da hukuncin kisa kan masu fataucin hodar iblis da makamantanta, har aka harbe mutum uku a Legas a watan Afrilun 1985. A ƙarshen 1989, zamanin Janar Ibrahim Babangida, aka kafa NDLEA. Dokar da ta kafa ta ta ambaci ba da shawara da gyaran hali, amma shekaru da yawa abin da jama'a suka san hukumar da shi shi ne kame da ƙona kaya a bainar jama'a.

Ɓangaren magani yana da nasa tarihin, sai dai ya yi tafiyar hawainiya. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya soma wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta, inda masu larurar ƙwaƙwalwa ke zama a gidajen mutanen ƙauye tare da wani ɗan uwansu, suna zuwa asibiti da rana, tsarin da ya yi suna a duniya saboda bai raba mara lafiya da danginsa ba. A wannan asibiti ne aka buɗe sashe na musamman don masu shaye-shaye a 1983. A arewa kuwa nauyin ya faɗa kan asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da na Maiduguri, da Dawanau a Kano. A nan ne aka samu cikas na farko, domin a bakin jama'a sunan waɗannan wurare "asibitin mahaukata", kuma uban da 'yarsa ke aji biyu a jami'a, yana fatan ta yi aure bayan ta gama, zai yi dogon tunani kafin ya bari a ga motarsa a ƙofar Dawanau.

Ana cikin haka sai abin shan ma ya sauya kama. A da, idan aka ce mashayi, hoton da ke zuwa zuciya shi ne na ɗan daba mai warin wiwi, ko yaron tasha mai shaƙar sholisho. Daga baya maganin tari mai sinadarin kodin ya shigo, tare da tiramadol da roci da sauran ƙwayoyin da ake saye a kemis ba tare da takardar likita ba. Waɗannan ba su da wari kuma ba sa buƙatar laɓewa a kango. Ana juye kwalbar maganin tarin cikin robar lemo, a riƙe ta a hannu a zauna a ɗakin kwanan ɗalibai ko a gidan biki, babu wanda zai ɗaga ido. Ta wannan ƙofa ce matsalar ta shiga cikin 'yan mata da matan aure da 'ya'yan manya. Tiramadol ɗin da aka halatta a ƙasar mai ƙarfin miligiram 50 ne ko 100, amma wanda ya cika kasuwa, akasarinsa daga Indiya, ya kai 225 har da 250.

A watan Oktoban 2017 aka faɗa a zauren Majalisar Dattawa cewa ana shan kwalba miliyan uku ta kodin kullum a Kano da Jigawa. Adadin ya yaɗu sosai, ko da yake ba daga wani ƙidayar kimiyya ya fito ba. A ƙarshen Afrilun 2018 BBC ta fitar da binciken ɓoye kan yadda maganin ke sulalewa daga kamfanoni zuwa kasuwar bayan fage, kuma washegari, 1 ga Mayu, gwamnatin tarayya ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. An rufe famfo, amma ba a yi tanadin waɗanda jikinsu ya riga ya saba ba. Farashi ya tashi, wasu suka koma wasu ƙwayoyin.

Alƙaluman da za a iya dogara da su sun fito ne a farkon 2019, daga binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƙwayoyi da laifuka. Binciken ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun sha wani abu mai bugarwa a cikin shekara guda, ban da giya da taba, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. Kudu maso yamma ce ta fi yawa, ba arewa maso yamma ba, ko da yake a jihar Kano kaɗai an ƙiyasta sama da mutum miliyan ɗaya. Matsakaicin shekarun fara shan wiwi 19 ne, wato daidai lokacin shiga babbar makaranta. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, kusan kashi 40 cikin 100 na waɗanda shansu ya fi haɗari sun ce sun so samun magani amma ba su samu ba, saboda tsada, da tsoron tsangwama, da rashin wurin zuwa.

Wannan giɓi ne gidajen mari suka cike. Mari sarƙa ce ta ƙarfe da ake sa wa ƙafafu, kuma an daɗe ana kai kangararrun yara wurin wasu malamai a ɗaure su, a haɗa da karatu da rubutun sha. Iyayen da suka kai 'ya'yansu ba mugaye ba ne. Mutane ne da suka gaji, an sace musu kaya a gida, an yi nasiha an yi addu'a, aka rasa yadda za a yi. A watan Satumban 2019 'yan sanda suka fasa wani gida a Rigasa cikin Kaduna, suka fito da sama da mutum 300, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya. Makonni kaɗan bayan haka aka gano irinsu a Daura da Katsina da Zariya, har da Ilori da Ibadan. Aka rufe gidajen, aka miƙa wa iyaye 'ya'yansu, da yawa suka koma unguwar da suka baro da cutar da suka tafi da ita.

Na taɓa raka wani ƙanena, ɗalibin aji uku, zuwa wani asibiti. A kwana ukun farko bai runtsa ba: gumi, gudawa, hamma, ƙasusuwa na ciwo, yana roƙon mahaifiyarsa, "Umma, don Allah ki ce su sallame ni, wallahi na daina." Bayan mako guda jikin ya lafa, muka ɗauka an gama. Likitan ya ce mana yanzu aka fara, domin fitar da ƙwaya daga jini shi ne mafi sauƙi, abin da ke ɗaukar watanni shi ne koya wa mutum yadda zai fuskanci damuwa da jarrabawa da tsoffin abokai ba tare da ita ba. Ya kuma gargaɗe mu cewa wanda ya daɗe bai sha ba, idan ya koma ya sha adadin da ya saba, zai iya rasa ransa, saboda jikin ya daina jurewa. Mari ba ya yin wannan aiki, sanda ma haka.

An samu ci gaba tun daga lokacin. Bayan Marwa ya karɓi NDLEA a watan Janairun 2021, hukumar ta ƙara ba da muhimmanci ga cibiyoyin gyaran hali, kuma a 2022 ta buɗe layin waya na kyauta da mutum zai kira a asirce. A watan Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin dokar 1958 da aka gada daga Turawa. Amma likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar mai mutum sama da miliyan 200 ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba, kuma ana ci gaba da rasa su zuwa Ingila da Saudiyya. Kuɗin kwanciya na watanni kuwa daga aljihun iyali yake fita.

Inda aka fi barin baya da ƙura shi ne makarantun kansu. A ƙa'idojin jami'o'i da dama, kama ɗalibi da ƙwaya laifi ne da kwamitin ladabtarwa ke hukuntawa da dakatarwa ko kora, don haka wanda ya san yana da matsala ba zai je asibitin makaranta da ƙafarsa ba. Ƙanen nawa ya samu komawa ne saboda wani malaminsa ya taimaka aka ɗage masa karatu na shekara guda a matsayin mara lafiya. Da ya koma, ɗakin da aka ba shi yana bene ɗaya da yaron da ya fara miƙa masa robar lemon.